Tunkiya Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Wata takwas Malama ta yi tana rubuta takardu kafin na'urar duba ciki ta iso sashen nazarin kiwon dabbobi. Ranar da aka kawo akwatin ko kujera ba ta taɓa ba. Ta sa shi a bayan mota ta nufi gonar jami'a, ɗalibanta na ajin ƙarshe suka biyo ta a ƙafa, wasu har da gudu.

Tumaki arba'in ne a cikin bincikenta. Ashirin ta riƙa ba su dusa gauraye da busasshen ganyen zogale tun kafin a sakar musu rago, sauran ashirin kuma dusa zalla. So take ta ga ko ganyen na ƙara yawan tagwaye. Da can sai ta jira wata biyar a haihu. Yau, kwana saba'in kacal, za ta gani da idonta.

Baba mai kula da garken, wanda ya shekara talatin a gonar, ya leƙa akwatin ya taɓe baki.

"Dakta, wannan ɗan talabijin ɗin ne zai faɗa mini abin da ke cikin tumakina?"

"To Baba, ka riga shi faɗa mana, sai mu gani."

Nan take ɗalibai suka raba allo biyu, gefe guda na Baba, gefe guda na na'ura. Dogo, wanda ya fi kowa ƙarfi a ajin, ya riƙe tunkiyar farko. Baba ya dubi tafiyarta, ya shafa gefen cikinta, ya ce, "Ɗaya."

Malama ta shafa wa tunkiyar man dubawa kusa da hantsa, ta ɗora kan na'urar. Hoton ya fito toka-toka kamar hayaƙi, sai ga wani ɗan ɗigo yana bugawa da sauri.

"Ku matso! Kun ga wannan? Zuciya ce!"

Suka yi caa a kanta, har wata ta taka ƙafar Dogo. Ɗaya ne kuwa. Ta biyu Baba ya ce tagwaye, aka ga tagwaye. Tara a jere bai kuskure ba, yana ta gyara hula, ɗalibai na ihun "Baba ikon Allah!"

Sai aka jawo mai lamba goma sha bakwai, tsohuwar da suke kira Gwaggo. Shekara biyu ba ta haihu ba, har Farfesa, shugaban sashe, ya sa ta cikin waɗanda za a sayar. Malama ce ta roƙa a bar mata ita a cikin masu cin ganye.

Baba ko taɓa ta bai yi ba. "Wannan kada ki ɓata manki, Dakta. Ƙiba ce kawai."

Malama ta ɗora na'urar don dai a cika lissafi. Ga ɗigo yana bugawa. Ta ɗan karkata hannu, ga wani. Ta ƙara matsawa, ta ƙura wa hoton ido. Ta ɗaga, ta goge, ta sake farawa daga farko, don kada ta ƙirga ɗaya sau biyu. Sai ta waiwayi Baba.

"Baba, zo ka riƙe na'urar da kanka."

Ya karɓa kamar an miƙa masa ƙwai. Ta kama hannunsa tana juyawa a hankali. Ya ƙirga a fili: "Ɗaya... biyu... La ilaha illallahu! Gwaggo! Uku? Kin ci amanata, muna tare kullum ba ki faɗa mini ba!"

Rumfar tumakin ta kaure da dariya da tafi, tumaki suka firgita suka yi kusurwa. Malama ta kira Farfesa a waya.

"Ranka ya daɗe, a cire goma sha bakwai daga masu tafiya kasuwa. Uku ne a cikinta!"

"Madalla," in ji shi. "Amma tunkiya ɗaya ba bincike ba ce, Dakta. Gama sauran." Sai ya ƙara da cewa, "Kada ku sake ta tukuna, ga ni nan zuwa."

Kafin la'asar suka gama. Cikin masu cin ganye, goma sha ɗaya na ɗauke da fiye da ɗa guda. Cikin sauran, huɗu. Malama ta san sai an maimaita baɗi kafin ta buɗe baki a gaban masana, amma a hanyar gida sai da ta tsaya gefen titi ta sake duba takardar sakamakon.

Bayan wata biyu da rabi Gwaggo ta haihu da hantsi, mata biyu da namiji. Ƙaramin ya kasa tsayawa ya kama nono, sai Baba ya naɗe shi a tsohuwar rigarsa, ɗalibai suka riƙa karɓa-karɓa suna ba shi madara a kwalba. Ranar kwana na shida ya tashi da kansa ya ture yayyensa.