Ban Haƙurin da Sakiusa Ya Kai

Tun ranar da tsoho Doolan ya zame a banɗakin asibiti ya karya ƙugu, Unaisi ba ta sake jin ɗanɗanon abinci ba. Ita kaɗai ce nas a ɗakunan majinyata biyu a lokacin. Glenda, shugabar ma'aikatan jinya, ta ce mata, "Una, za ki iya riƙe duka biyun, ko?" Ita kuwa ta ce to. Yo a ƙasarsu Fiji wa ke buɗe baki ya ce wa babba a'a? Ga shi yanzu an kira ta zama ranar Alhamis, wai za a binciki sakaci.

Asibitin nan ne ya ɗauko ta daga Fiji zuwa wannan gari na masu haƙar ma'adinai a ƙuryar jihar Queensland, bizarta kuma a ƙugunsa take ɗaure. In aikin ya tafi, zamansu a ƙasar ya tafi, har da makarantar ɗansu Peni.

Ta kira Narelle a waya, wakiliyar ƙungiyar ma'aikatan jinya, wadda ke can bakin teku.

"Saurare ni, 'yar uwa," in ji Narelle. "Kar ki shiga ofishin nan ba ni. Kuma ko shayi kika ɓarar musu, kar ki ce a yi haƙuri. Yarjejeniyarmu da asibiti ta hana su barin nas ɗaya da wannan tulin mutane, su ma sun sani. Wanda za su ɗora wa kayan kawai suke nema."

Mijinta Sakiusa na gefe yana ji. "Wace irin mata ce wannan? Dattijo ya karye a hannunki, a ce kar ki ba da haƙuri? Maman Peni, ba haka aka rene mu ba."

"Baban Peni, don Allah ka bari ta iso."

Ita dai ta ɗauka ya haƙura.

Ranar Laraba da rana tana raba magani, wata abokiyar aikinta ta raɗa mata cewa mijinta na ofishin Glenda. Da gudu ta isa. Ta gilashin ƙofa ta hango shi cikin zanensa na zuwa coci irin na mazan Fiji, zaune dirshan a ƙasa, kai a sunkuye, ya miƙa saiwar kava, wadda ake kai wa ban haƙuri a al'adarsu, da hannu biyu. A Fiji, da zarar an karɓi wannan saiwa, magana ta mutu har abada. Glenda ta karɓa da murmushi, ta kira jami'in kula da ma'aikata, ta ce bawan Allah ya maimaita a gabansa. Ya kuwa maimaita: "Laifinmu ne, mun amsa."

Da Narelle ta iso washegari ta ji labari, sai da ta dafe kai. "Wayyo mutumin kirki, ya yanka ki da wuƙar alheri! Hanya ɗaya ta rage. Ki faɗa da bakinki cewa ba da yawunki ya yi magana ba."

"In ƙaryata shi? A gaban baƙi?"

"Ko kuma ki soma haɗa kaya."

Sakiusa ya rako su, ya zauna a benci daf da ƙofar ofis, fuskarsa wasai irin ta wanda ya kashe wuta. Na'urar sanyi ta lalace, don haka aka bar ƙofar a buɗe.

"Mun ji daɗi da iyalinki suka amsa laifi, Una," in ji Glenda. "Hakan zai sauƙaƙa komai."

Unaisi tana tsoron Glenda, tana tsoron jirgin komawa gida, amma ba ta taɓa jin tsoro irin na bencin nan da mijinta ke zaune a kai ba.

"Mijina..." in ji Unaisi. "Mijina bai san abin da yake faɗa ba. Ni ban amsa komai ba. Ni kaɗai kuka bari a ɗakuna biyu."

Murmushin Glenda ya ɗauke. Narelle ta matse hannun Unaisi a ƙarƙashin tebur, ta soma jero tambayoyi. Unaisi ba ta ji ko ɗaya ba. Kunnenta yana waje, inda benci ya yi ƙara, takun Sakiusa ya yi ta nisa har ya ɓace.