Silon Babur ɗin Tela

Karo na uku ke nan a mako guda da tela ya turo babur ɗinsa gareji, yana haki, hularsa a aljihu. Bakanike ya hango shi tun daga bakin titi.

Babur ɗin ya girme wa 'ya'yansu duka. Fentinsa ya koɗe, an ɗinke sirdinsa ya fi sau goma, kuma tela da kansa yake ɗinkewa. Shekara talatin babu hannun da ya taɓa injinsa sai na bakanike, don kuwa abokai ne tun suna samari, har tela yana ce masa Yaya saboda ratar shekara biyu kacal.

"Me ya yi kuma?" in ji bakanike.

"Abin dai da ya saba. Ina sakin totur sai ya mutu. Wancan karon da ka gyara, ihu ya dinga yi a tsaye kamar ana yanka shi."

"Kai ne ba ka iya tuƙi ba."

"To, Yaya. Sai yanzu da furfura na manta."

Bakanike ya ja kujerarsa mai ƙafa uku, ya kwance kafireta, ya zube kayanta a tsohon faranti. Ya wanke kowanne da fetur, ya hura 'yar ƙofar da mai ke bi in inji yana silo, wato yana aiki a tsaye ba a murɗa totur ba, ya ɗaga ta wajen haske, ya ga rana ta ciki tar. Ya lanƙwasa robar da ke haɗa kafireta da inji ko akwai tsaga, babu. Ya zaro fulogi, lafiyarsa ƙalau. Ya so ƙwarai ya sami wani datti ko wata ɓaraka da zai ɗora wa laifi, amma komai tsaf yake.

Saura sukurori biyu ƙanana da ake daidaita silo da su, kuma nan ne gizo ke saƙa. A sabon babur, ƙirga juyi kawai za ka yi. Tsohon inji kuwa ya ci ya cinye, bai san lissafi ba, sai dai ka juya a hankali kana saurare har bugunsa ya zauna. Da kunne bakanike ya yi suna a layin nan. Shekara guda ke nan kunnen yana janye jiki, bai gaya wa kowa ba, har matarsa. In ta yi magana bai ji ba, cewa yake yi tana gunguni. Tsoro yake ji, domin ranar da maganar ta fita, masu tsofaffin babura za su tsallaka titi wurin wani.

Ya mayar da komai, ya buga kik, injin ya tashi. Ya juya sukurin sau ɗaya da rabi kamar yadda ya haddace, ya karkata kai irin na mai saurare. Sannan ya miƙe ya juya baya, yana wanke hannu a bokiti.

"Ka ji ko?" ya ce da ƙarfi. "Haka ake son inji ya zauna. Saurari bugun nan."

Da bakanike ya waiwayo, sai ya ga madubin babur ya daina rawa, babu hayaƙi a salansa. Tela yana kallon ƙasa.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Kana juya baya ya mutu, Yaya."

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya zauna a kujerar, sabulu na ɗiga daga hannunsa.

"Ba na ji sosai yanzu," ya ce.

"Na sani. Tun bara nake yi maka sallama sau biyu."

"Kuma ka ci gaba da kawo min?"

"Wa zan kai wa? Yaran garejin tsallaken titi cewa za su yi in sayar."

Bakanike ya goge hannu, ya sake buga kik, ya ɗora tafinsa na hagu a kan tanki. Bugun yana zuwa ta ƙarfen, yana tsalle yana tuntuɓe. Ya soma juya sukurin kaɗan-kaɗan, ya wuce, ya dawo, har ya ji rawar ta lafa ƙarƙashin hannunsa. Yana zaton ya samu, amma tafin hannu sabon shiga ne a wannan aiki, bai yarda da shi ba tukuna.

A duk rayuwarsa shi yake gaya wa mai babur yadda injinsa yake. Ya ɗago kai da ƙyar.

"Tela, matso kusa. Ya kake jin sa? Kar ka rufa min asiri, gaskiya nake so."

Tela ya tsuguna gefensa, ya kasa kunne.

"Ya ɗan yi sama," ya ce, bakinsa daf da kunnen Yayan. "Rage kaɗan."

Bakanike ya rage.