Igiyar da ke kan hanyar Hindatu

Su biyu ne a gidan da ke gefen Ɗan Kassari: tsohuwa Altine da jikarta Fadila, mai shekara goma sha uku. Suna da rumbun gero, da jaki, da amalanke. Abin da ba su da shi takarda ce. Altine ba ta taɓa yin katin shaida ba, domin tun da aka haife ta ba wanda ya taɓa shakkar ko ita wace ce.

A waccan shekara da aka rufe iyaka, malamin tarihi, Mushe Luƙman kamar yadda ake kiran malamai da faransanci, yana rubuta wa ƴan ajin Fadila manyan kalmomi a allo: mulkin mallaka, ƴancin kai, takunkumi, iyaka. Ya ce su haddace, ranar Litinin akwai jarrabawa. Fadila ta kwafe a littafinta da kyakkyawan rubutu: iyaka layi ne da ke raba ƙasa da ƙasa.

Ranar Juma'a aka bugo waya gidan maƙwabta. Hindatu, ƙanwar Altine da ke aure a wani ƙauye na ƙasar Kebbi, can tsallaken iyaka, tana kwance rai a hannun Allah, kuma ba sunan da take kira sai na yayarta.

Masu babur sun san hanyar daji, suna ratsawa kullum. Fadila ta ce a kira ɗaya daga cikinsu.

"Ni ɓarauniya ce da zan bi daji in tafi wurin ɗiyar uwata?" in ji Altine. "Hanyar da aka bi aka kai ta ɗaki, ita zan bi. Ɗaura jaki."

Da safiyar Asabar suka kama hanya, Altine rungume da ƙwaryar fura da ta dama da hannunta, Fadila tana kora jaki tana maimaita darasinta a zuci. Rana ta take tsaka suka iske igiya an gitta ta tsakanin ganguna biyu, da wani mai kaki zaune a inuwar aduwa.

"Inna, hanya a rufe take. Ina takardarki?"

Altine ta gyara zama. Ta faɗi sunanta, da na ubanta Ma'azu, da na kakanta wanda ya gina rijiyar da ke bayan wancan tudu. Haka ake shiga kowane gari a Arewa: ka faɗi tushenka, a ba ka tabarma. Mutumin ya saurara har ta gama, bai katse ta ba.

"Allah ya ji ƙansu, Inna. Amma ko da takarda ba a wucewa, balle babu."

"Ɗan nan, wa ya rufe?"

"Manya."

"Manyan sun san Hindatu?"

Ya kau da kai. Altine ta nuna gonakin da ke bayan igiyar, inda karan gero yake tsaye iri ɗaya da na wannan gefen. "To nuna mini inda ƙasar ta canza, in gani da idona."

Fadila ta duba ita ma. Ta nemi layin da Mushe Luƙman ya zana da jan alli, ba ta ga komai ba sai yashi da sawun awaki da suka bi ta ƙarƙashin igiyar suka wuce abinsu.

Sun zauna har la'asar. Furar ta yi tsami a rana. A hanyar komawa, da suka hango rumbunan gari, Altine ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Gobe ki kira mai babur ɗin."

Ba a kira shi ba. Maƙwabciya tana tsaye a ƙofar gida da waya a hannu. Hindatu ta cika da azahar, lokacin da suke zaune gaban igiya.

Ranar Litinin tambaya ta uku ita ce: mene ne iyaka? Fadila ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta rubuta abin da ke cikin littafi, kalma bayan kalma. Mushe Luƙman ya ba ta cikakken maki, har ya ɗaga takardarta ya nuna wa aji.

Ba ta kai wa kakarta ta gani ba. Ta gane cewa amsar da ake ba maki daban take da abin da ya faru: iyaka igiya ce da akuya ke wucewa ta ƙarƙashinta, amma ta hana tsohuwa ganin ƙanwarta da rai.