Rigar Makarantar Vasiti

Ƙarfe goma na safe ne, ruwan da ya kwana yana zuba a Brisbane ya ɗauke, ya bar gari da zafi mai manne riga a jiki. Salanieta tana tsaye a ƙofar tashar jirgin ƙasa tana jiran Waisake, ɗan kawunta kuma abokin wasanta, wanda ya iso daga ƙauyensu na tsibirin Kadavu zai wuce gonakin arewa tsinkar tumatir.

Shekararta ta shida ke nan a kan digirin dakta. Bincikenta a kan abin da ke raba 'yan matan tsibirai da makaranta ne. Tallafin karatu ya daɗe da ƙarewa, yanzu da wankan tsofaffi a gidan kula da su take ci da kanta. Malamin da ke duba aikinta kuwa ya ce a sake babi na biyar, wataƙila baɗi a gama.

"Likitar da ba ta allura!" in ji Waisake tun daga nesa. "Har furfura ta riga digirin zuwa?"

"Ka ji shi, baƙauye. Wa ya nuna maka ƙofar jirgi?"

Suka zauna a kan benci suna dariya. Ya zaro kwalbar man kwakwa daga jaka, an naɗe ta da tsohon zane.

"'Yarki Vasiti ce ta dafa miki da hannunta. Yarinyar nan taki, Sala, ko asibiti albarka. Kullum da safe ita ke juya tsohuwa, ta yi mata wanka, ta ba ta abinci a baki."

"Wace tsohuwa?"

 Waisake ya shiga gyara igiyar jakar da ba abin da ya same ta.

"Kullum da safe, ka ce? Vasiti da ke makarantar kwana a Vunisea?"

"Jirgina zai tashi," ya ce a hankali, alhali jirgin bai ma iso ba.

* * *

A ƙauyensu ba a kai wa mai karatu a nesa mummunan labari. Ana cewa kada a raba masa hankali. Ita kanta ta taɓa ɓoye wa ƙanenta rasuwar goggonsu har ya gama jarrabawa, kuma a lokacin alheri ta ɗauka ta yi masa.

Duk Juma'a da yamma Vasiti kan hau tudun bayan coci, inda waya ke kamawa, ta kira ta ta bidiyo sanye da rigar makaranta, wai yanzu ta sauko daga kwalekwalen da ya dawo da ita hutun ƙarshen mako. Ranar ma Juma'a ce. Salanieta ta zauna a bakin gadonta, kwalbar na cinyarta, har wayar ta yi ƙara.

Ga rigar nan, shuɗiya, a goge. Sai yau ta ga yadda ta matse yarinyar a kafaɗa, maɓallin sama ma ba ya shiga.

"Inna, mun yi gwajin lissafi, na ci."

"Wa ya koyar da ku?"

Vasiti ta ambaci sunan wani malami. Salanieta ta san shi, ta kuma san tun bara ya tafi New Zealand yanka nama.

"Tun yaushe, 'yata?"

Yarinyar ta kalli gefe, inda wani yake tsaye ba a ganinsa. Iska tana kaɗa ganyen kwakwa a bayanta.

"Tun da Kaka, mahaifiyarki, ta faɗi a gonar gwaza. Ɓarin jikinta ɗaya ba ya motsi. Kawu ya ce kowa ya yi shiru." Ta ja wuyan rigar. "A ƙarƙashin tabarma nake ajiye ta don kada ta yamutse."

"Zan dawo. Cikin makon nan."

"Kaka ta ce in kin faɗi haka in gaya miki wata magana." Vasiti ta gyara riƙon wayar. "Ta ce duk gari ya raka ki bakin ruwa da waƙa. In kika dawo hannu wofi, to shekarun da ni na bar makaranta na zauna a gida na mene ne?"

"Ke fa? Me kika ce?"

"Ni 'yan ajinmu sun yi nisa, Inna. Ko na koma, da ƙanana za a haɗa ni. Ki gama kawai."

Hoton ya tsaya cak, kamar yadda yakan yi in hadari ya taso a can. Fuskar yarinyar ta daskare, bakinta a ɗan buɗe, sannan ta ɓace.

* * *

Ba ta koma ba. Ranar Litinin da sassafe ta yi wa wata tsohuwa baturiya wanka, ta shafa mata man kwakwar a ƙafa, tsohuwar tana kiranta da sunan wata daban. Daga nan ta ɗauki jakarta ta nufi jami'a. Babi na biyar yana ciki, mai bayanin yadda jinyar tsofaffi ke zaunar da 'yan mata a gida. Malamin ya rubuta a gefen shafi cewa hujjar ba ta isa ba, a ƙaro misali.

A wurin jiran bas 'yan makaranta suna ta ture-ture. Wata yarinya mai kitso biyu ta sheƙa da gudu, faffaɗar hularta ta faɗi cikin ruwan da ya kwanta a bakin titi. Salanieta ta sunkuya ta ɗauka, ta goge ta da gefen zanenta, ta miƙa mata ta tagar motar da ta riga ta shige. Yarinyar ta fizga ba ta ko dube ta ba, tana ba ƙawarta labari. Motar ta tashi.