Jakar da ke gefen gadon Baba

Doktor Fa'iz bai ɓoye mini komai ba. Ya ce naman da suka yanke wa Baba, pankiriyas, wanda ke kwance bayan tumbi, ya same shi da taushi sosai, kuma mai taushi ba ya riƙe ɗinki. Ya nuna mini siririyar robar da ta fito daga cikin Baba zuwa wata jaka a gefen gado.

"Bahijja, ruwan nan ne zai gaya mana ko ɗinkin na yoyo tun kafin zazzaɓi ya zo. Da la'asar zan ɗiba a auna. Kada kowa ya taɓa."

Kowa? Ni da na baro unguwarmu Gassi tun asuba, ta yaya zan bari a taɓa?

Na zauna na zuba wa jakar ido. Fanka na juyawa a kasale, zafin rana ya cika ɗakin. Ruwan yana ɗiga a hankali, ni kuma idona na nauyi. Can sai jakar ta buɗe ta zama kogin Shari. Ga Baba a kwalekwale da farar jallabiyarsa, ba roba ba ɗinki, yana ta dariya yana ce mini in shigo. Kifaye na bi ta ƙarƙashinmu da zare a bakinsu, suna ɗinke ruwan duk inda ya tsage. Daɗi ya kama ni har na ji hawaye. Na miƙa hannu in taɓa kogin, sai na ji ƙamshin turaren wuta.

Na farka. Ɗakin cike da 'yan dubiya daga unguwar Gardole, abokan kasuwar Baba, ana ta addu'a. Gwaggo Kubura, yayarsa, tana tsaye da kofin kunu tana ba shi a baki. Jakar kuwa fes, an ɗauraye ta, har an lulluɓe ta da ɗankwali.

"Gwaggo! Ina ruwan?"

"Na zubar mana. Ke kina ta sharar barci. Manyan mutane za su shigo su tarar da ƙazantar ɗan'uwana a rataye? Kuma da najasa zai yi salla?"

Wallahi da ba yayar ubana ba ce, da ranar an ji mu har bakin titi. Na haɗiye fushina. Haushin kaina ma ya fi.

Doktor ya shigo da 'yar kwalbarsa. Ya ɗaga ɗankwalin, ya daɗe yana kallo. Ya ce kafin wani ruwan ya taru masu awo sun tashi, sai gobe. Sannan ya juya ga Gwaggo cikin ladabi.

"Hajiya, da kika zubar, yaya kalarsa?"

"Kai ɗana, ba kyan gani. Da safe garau yake, amma ɗazu ya yi kauri, ya yi fari-fari kamar ruwan wankin shinkafa. Shi ya sa ma na yi maza."

Doktor ya karɓe kofin kunun daga hannunta ya ajiye a ƙasa. Ya roƙi baƙi su ba mu wuri, ya leƙa waje yana ƙwala wa nas kira.

Baba ya buɗe ido ya yi mini murmushi. "Bahijja, sanyi nake ji. Kashe fankar nan."

Na kama hannunsa. Zafi rau.