Kwano Yana Dawowa Tas

Ni dai abin da ya ɗaure mini kai shi ne kwanon. Kullum aka zuba wa 'yan matan gidan yayana tuwo, su huɗu a kwano ɗaya, tas yake dawowa. To, me ke ramar da Maijidda, babbarsu?

Tun da ta dawo garinmu Dayi hutu daga makarantar kwana a Funtuwa take ƙara tsotsewa. Uwarta ta ce karatu ne. Ubanta kuwa har alfahari yake, wai yarinya ta kama azumin Litinin da Alhamis, ga na ramuwa.

Na ce, "Yaya, ramuwar shekara nawa ce wannan?"

Ya ce in ƙyale ta ta yi ibadarta.

Ina fa zan ƙyale, ni da bin ƙwaƙƙwafi. Ranar Talata 'yan matan na cin tuwo, na ja tabarma kusa da su ina tsintar wake. Hannunta na shiga kwano yana fita kamar na kowa. Ashe lomar da ta yanka gaban ƙannenta take turawa, ta kai yatsu baki ta yi ta tauna iska. Su ko gaba ta kai su.

Ba a jima ba, ran nan ta yanke jiki ta faɗi a bakin rijiya, muka kai ta asibiti a Malumfashi. Ni na zaci tsutsar ciki za a ce. Likitar ta daɗe da ita, sannan ta kira ni. Ta ce cuta ce da ke taɓa tunani: mutum ya zama ƙashi da fata amma yana ganin kansa da ƙiba, abinci ya koma masa abin tsoro. Wasu su ƙi ci, wasu su ci su je su amayar a ɓoye. In aka bari, zuciya na iya tsayawa.

Na ce, "A gidan manoma? Rumbu cike?"

"Ba ruwanta da rumbu, Hajiya. Kuma faɗa da ɗure ba sa warkar da ita. Za ta riƙa zuwa muna ganinta. A ware mata kwanonta, wani ya zauna su ci tare."

Da yamma na zauna gabanta, na ce bismillah. Ta yanki loma, ta riƙe, ba ta kai baki ba.

"Goggo, wallahi yunwa nake ji. Tsoro ne ya fi yawa."

Tausayi ya kama ni. Na matsa kusa da ita, muka yi ta zama tuwo yana hucewa.