Zanen da Iya Ta Wanke

Zuwaira malamar firamare ce a wani ƙauye da ke kan hanyar Zango. Kullum ɗan acaɓa ke ɗaukarta daga Daura da safe, ya dawo da ita bayan an tashi. A kan hanyar akwai shingen sojoji. Wata Talata da azahar, wani kofur mai suna Jafaru ya sauke ta, ya ce sai ya duba jakarta a rumfar da ke bayan shingen, ya kori ɗan acaɓan. A rumfar nan ya yi mata fyaɗe.

Da ta iso gida, mahaifiyarta Iya ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗora ruwan zafi, ta ce, "Tashi ki yi wanka 'yar nan, kada La'asar ta wuce ki." Sannan ta ɗauki zanen da Zuwaira ta cire, ta wanke shi har sau uku, ta ɗinke inda ya yage, ta goge shi da dutsen guga, tana yi hawaye na ɗiga.

Zuwaira ta ƙi yin shiru. Ta rubuta ƙara da hannunta. Shekara biyu ke nan da kafa kotunan shari'a, don haka can ta fara zuwa. Alƙali ya saurare ta, ya sunkuyar da kai ya ce soja ba ya tsayawa a gabansa, suna da kotunsu. 'Yan sanda suka ce maganar bariki ce. A bariki kuma aka ce takarda ba ta isa kotun soja sai ta bi ta hannun shugaban wanda ake ƙara, shi zai ce a yi shari'a ko a bari. Sunansa Manjo Lawal.

Sati uku suna zaman benci ita da Iya kafin ya ce su shigo. Ya tarbe su da fara'a, har ya buga ƙararrawa a kawo wa baƙi lemo. Wanda ya shigo da faranti Jafaru ne. Ya buɗe kwalbar da hannun nan nasa, ya ajiye a gabanta, ya ƙame, ya fita.

"Direbana ne in ba ya aikin shinge," in ji Manjo. "Shekara shida yana tuƙa ni, ko mudubi bai taɓa fasawa ba. To Malama, na karanta takardarki. Turancinki ya fi na magatakardana. Amma ina shaida? Ina kayan da kika sa ran nan?"

Iya ta kwance ƙullinta da sauri, ta miƙa zanen da hannu biyu, a ninke, yana ƙamshin sabulu.

Manjo ya warware shi, ya ɗaga sama, ya juya, sai ya fashe da dariya. "Iya, ai kin fi masu wankin barikin nan iya aiki! Me zan gani a nan?"

"Najasa ce a jikinsa, ranka ya daɗe," in ji Iya a hankali. "Ya za a yi in ajiye ta a ɗakin da muke salla?"

Ta dubi zanen, ta dubi 'yarta, sai a lokacin ta gane abin da ta wanke.

"Yallaɓai," in ji Zuwaira, "a ba wani ya bincika, wanda ba shugabansa ba. Akwai ɗan acaɓan da ya kora. Akwai sojan da ke tsaye yana ji."

"Sojan ma yarona ne. Tsarinmu ke nan, Malama, ba ni na kafa shi ba." Ya turo mata wata takarda. "Ga sauƙi. Ki sa hannu cewa an yi sulhu, Iya ta dangwala a matsayin shaida. Gobe in tura shi Mashi, ba za ki ƙara ganin ƙeyarsa ba."

"A Mashi babu mata ne?"

Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa. "In kin ƙi, zan rubuta babu shaida. Yana nan a shingensa, ki riƙa gaishe shi safe da yamma."

Iya ta kama gefen hijabinta. "Sa hannu 'yar nan, don Allah. Laifina ne. Ki huta da ganinsa."

"Ba laifinki ba ne, Iya. Ke wanki kawai kika yi. Su ne ke son ninke maganar."

Zuwaira ta jawo ɗan akwatin tawadar da aka buɗe don Iya, ta danna babban yatsanta a ciki. Manjo ya gyara mata takardar. Ita kuwa ta ɗauki zanen, ta dangwala yatsan a tsakiyarsa, ta murza har tawadar ta kama.

"Tunda tabo kuke nema, ga shi nan," ta ce. "Tashi mu tafi, Iya."

Lemon na nan ba a taɓa ba, ƙuda biyu sun sauka a bakin kwalbar.

Washegari ta ɗaura zanen nan ta hau acaɓa. Jafaru na tsaye a shingen, yana tauna goro, ya ɗaga musu hannu su wuce yana murmushi. Zuwaira ba ta kau da kai ba. A cikin jakarta akwai wata takardar ƙarar, an rubuta adireshin shugaban Manjo a bayan ambulan. Ta san mai yiwuwa a can ma a ce ta bi ta hannun Manjo. Duk da haka ta ce wa ɗan acaɓan in an tashi ya biya da ita gidan waya.